Faifan Nebra: Yadda Mutum Biyu Suka Tono Sama, Suka Ɓata Shaidarta

Ranar 4 ga Yulin 1999 wasu mutum biyu suka hau wani tudu mai suna Mittelberg, cikin dajin Ziegelroda, kusa da garin Nebra a jihar Saksoni-Anhalt ta gabashin Jamus. Na'urar gano ƙarfe suka riƙo, irin wadda ake shafa ta bisa ƙasa, in ta ji ƙarfe ta yi kuka. Ba su da takardar izinin tono. Abin da irinsu suka saba samu bai wuce tsofaffin kwabbai da maɓallan kakin soja da tarkacen yaƙi ba. Na'ura ta yi kuka, suka sa diga.

Abin da ya fito: takubba biyu na tagulla masu ado da zinare a ƙota, gatura biyu, cizal ɗaya, gutsattsarin mundaye masu murɗi, sai wani faifai na ƙarfe wanda ƙasa ta manne masa har ba a ganin fuskarsa sosai. Takubban suka fi ɗauke musu hankali. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Wajen ciro faifan digarsu ta sare shi a baki, ta yage wani ɓangare na zinaren da ke kansa. Washegari suka sayar da kayan gaba ɗaya ga wani dillali a yankin Kolon a kan mak 31,000, kuɗin Jamus na wancan lokaci, wato ƙasa kaɗan da yuro 16,000 a lissafin canjin da aka yi daga baya.

Wannan faifai shi ne yau ake ɗauka a matsayin zanen sararin samaniya mafi tsufa da aka sani a duniya, wanda ke nuna wata da taurari yadda ido ke ganinsu. Yawancin masana sun tsaya a kan cewa an binne shi wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wato shekara 3,600 ke nan. Cikin tsofaffin kayan da masu yawo da na'ura don sha'awa suka taɓa ganowa, babu wanda ya kai shi suna. Kuma babu wanda ya kai shi nuna irin hasarar da ake tafkawa cikin 'yan sa'o'i idan aka ciro abu daga makwancinsa ba tare da kowa ya auna ko ya rubuta ba.

Iyakar abin da na'ura ke ji

Na'urar nan ƙarfe kawai take ji, kuma ba ta jin nesa. Kwabo guda, in ya wuce zurfin taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, yawanci ya ɓace mata. Saboda haka tsufan abin da mai na'ura zai iya samu yana da iyaka biyu. Ba zai wuce lokacin da mutanen wurin suka fara sarrafa ƙarfe ba, wanda a Birtaniya bai wuce wajen shekara 2450 kafin haihuwar Annabi Isa ba, a tsakiyar Turai kuwa ya riga haka da nisa. Sannan sai abin da ke kusa da fuskar ƙasa. Gatarin dutse na shekara dubu ɗari zai kwanta ƙarƙashin na'ura ta wuce shiru. Shi ya sa kayan da suka fi tsufa a hannun masu wannan sha'awa kusan duk na zamanin tagulla ne: gatura, kawunan masu, mundaye, ƙananan kayan zinare.

Wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba: ƙarfe ba ya faɗin shekarunsa. Ƙashi, itace, gawayi, fata, duk abin da ya taɓa rayuwa ana iya auna shi da awon kabon a san lokacin da ya mutu. Tagulla ba ta taɓa rai ba. Ana sanin shekarunta ne daga maƙwabtanta: ƙasar da ta rufe ta, gawayin da ke gefenta, kayan da aka binne tare da ita. Wannan shi ne tushen duk rigimar da ta biyo bayan faifan Nebra.

Daga rami zuwa otal a Basel

Dillalin da ya fara saye ya jiƙa faifan cikin ruwan sabulu, ya goge shi da soson ƙarfe. Zinare ya fito fili, amma ya fito da ƙarce-ƙarce. Daga nan aka shiga neman mai saye. An kai tayin gidan tarihi na Balin a kan mak miliyan ɗaya, an kai Munik. Duka suka ƙi, don a dokar Saksoni-Anhalt duk wani muhimmin abin tarihi da aka tono daga ƙasa, wanda ba a san mai shi ba, na jiha ne tun daga lokacin da aka gano shi. Gidan tarihin da ya saya, kayan sata ya saya.

Mai karatun fiƙihu zai tuna babin rikazi, dukiyar mutanen da da aka tarar a binne, inda mai tsintuwa ke fitar da humusi ya riƙe saura. Dokar wannan jiha ta bi wata hanya dabam: ba ta kallon abin a matsayin dukiya, tana kallonsa a matsayin shaida, ta kowa da kowa.

Da gidajen tarihi suka rufe ƙofa sai kayan suka ci gaba da yawo a bayan fage, farashi na hawa. A 2001 Harald Meller, wanda bai daɗe da zama babban jami'in kayan tarihi na jihar ba, ya ga hotunan faifan a Balin, a hannun shugaban gidan tarihin da aka fara kai wa tayi. Aka haɗa kai da 'yan sanda aka ɗana tarko. Ranar 23 ga Fabrairun 2002 Meller ya zauna da masu kayan, mace ɗaya da namiji ɗaya, a wani otal a birnin Basel na Suwizalan, a matsayin mai son saye a kan mak 700,000. Da ya riƙe faifan a hannunsa, 'yan sandan Suwizalan suka shigo. Aka mayar da kayan Jamus, aka bi sawun cinikin da baya da baya har aka kai ga tudun da kuma mutum biyun da suka yi tonon. A 2003 kotu a Naumburg ta yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka, kowannensu ƙasa da shekara ɗaya.

Abin da ke kan faifan

Faɗinsa wajen santimita 32 ne, kamar faifan rufe ƙwarya madaidaici, nauyinsa kilo biyu da 'yan kai. Ya fi kauri a tsakiya, ya sirance zuwa baki. Jikinsa tagulla ne, jan ƙarfe gauraye da kuza kaɗan, yanzu ya rine kore saboda daɗewa a ƙasa. An sassaƙa masa gurabe aka dasa siraran zinare a ciki: babban da'ira ɗaya, wanda ko cikakken wata ne ko rana, jinjirin wata, da ɗigo-ɗigon taurari 32. Ashirin da biyar a warwatse suke. Bakwai kuwa sun taru wuri guda tsakanin da'irar da jinjirin watan, kuma kusan duk wanda ya nazarci faifan ya yarda cewa su ne taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, Surayya a bakin malamai.

Ba a yi faifan a zama ɗaya ba. Hannaye dabam-dabam sun taɓa shi, a lokuta dabam-dabam, kuma zinaren da aka ƙara daga baya ba irin na farko ba ne. Da fari wata da taurari ne kawai. Daga baya wani ya dasa baka biyu na zinare a gefuna biyu masu fuskantar juna, har ya rufe taurari biyu ya gusar da ɗaya don ya sami wuri. Kowane baka ya ci digiri 82 na da'irar. Wolfhard Schlosser, masanin taurari na jami'ar Bochum, ya nuna cewa wannan shi ne daidai faɗin tafiyar da mafaɗar rana ke yi a gefen sama, a wannan yanki na Jamus, tsakanin yini mafi tsawo a shekara da yini mafi gajarta. Wanda ya tsaya kan Mittelberg a yini mafi tsawo zai ga rana ta faɗi bayan Brocken, dutse mafi tsayi a tsaunukan Harz. Bayan haka aka ƙara wani baka na uku, mai lanƙwasa sosai da 'yan zane-zane a gefensa kamar gashi, wanda da yawa ke fassarawa da jirgin ruwan da ke ɗaukar rana. Can kuma wani ya bi bakin faifan ya huda ramuka kusan 40, alamar an ɗaure shi ne jikin wani abu. Ɗaya daga cikin bakan gefe ya riga ya fita, gurbinsa kawai ya rage.

Fassarar da ta fi burge ni ita ce ta Rahlf Hansen na gidan kallon taurari na Hambug, wadda ya fitar a 2006. Mu da muke azumi da ganin wata ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, shi ya sa Ramadan ke matsowa da kwana 11 kowace shekara, yau cikin hunturu, bayan wasu shekaru cikin damina. Manomi kuwa ba zai yi shuka da lissafin da ke zamewa haka ba. Mutanen da da suke ƙirga watanni da wata, amma suna so shekararsu ta tsaya daidai da lokacin shuka, sai su riƙa cusa wata na goma sha uku kusan duk shekara uku. Tambayar ita ce yaushe. Hansen ya lura cewa jinjirin watan da ke kan faifan ba sabon tsayawa ba ne, ya yi kauri kamar ɗan kwana huɗu. A wani rubutun taurari na Babila mai suna MUL.APIN akwai ƙa'ida irin wannan: a watan farkon bazara, in wata ya iso wurin kaza da 'ya'yanta yana siriri, lissafi na daidai, in bai iso ba sai da ya yi kauri, to shekara ta zame, a ƙara wata. In wannan fassara ta tabbata, faifan tunatarwa ce ga wanda ke riƙe da lissafin lokaci, a cikin al'ummar da ba ta da rubutu ko kaɗan, ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta kwafin Babila da muke da su. Fassara ce, ba kowa ya karɓe ta ba. Amma ta dace da abin da ido ke gani a kan faifan fiye da yawancin sauran.

Ƙarfen kansa ya ba da labarin tafiya. Binciken da Ernst Pernicka da abokan aikinsa suka yi ya nuna jan ƙarfen daga ma'adinan Mitterberg yake, a tsaunukan Ostiriya. Zinaren farko ya dace da na kogin Carnon a Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, kuzar ma an danganta ta da Cornwall. Wato maƙerin da ya zauna a tsakiyar Jamus shekara 3,600 ko fiye da suka wuce yana aiki da kayan da suka tsallako teku. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna ba zuba narkakken ƙarfe kawai aka yi ba: an zuba ƙaramin curi ne, sannan aka riƙa gasa shi a zafin da ya kai digiri 700 ana buɗa shi da guduma, kusan sau goma, har ya kai wannan faɗi. Duk maƙerin da ya taɓa buɗa faranti da hannu ya san ba aikin ɗan koyo ba ne.

Shekara nawa, kuma wa ya ce?

Nan ne ɓarnar digar nan ta fara bayyana, kuma ba saran da ke bakin faifan nake nufi ba.

Da masana ne suka tono shi, da an ɗauki hoto tun yana cikin rami, an auna zurfi, an zana yadda takubba suka kwanta kusa da shi, an kwashi ƙasar kowane hawa. Da babu mai tambaya ko tare aka same su. Amma abin da ya iso hannun Meller tarin kaya ne da suka shekara biyu da rabi suna zagaye hannun 'yan kasuwar bayan fage, an wanke, an kankare. Shaidar cewa daga rami ɗaya suka fito ita ce bakin mutum biyu da kotu ta kama da laifi, waɗanda maganganunsu ma suka riƙa karo da juna a gaban alƙali.

Ƙalubale na farko ya zo ne lokacin shari'ar masu sayar da kayan a Halle, birni a jihar Saksoni-Anhalt, tsakanin 2004 da 2005. Peter Schauer, farfesan kayan tarihi a Regensburg, ya ce faifan jabu ne, ƙirar zamani. Lauyoyin masu kare kansu suka rungumi maganar, don in jabu ne babu batun sayar da kayan jiha. Sai da aka tara hujjoji ɗaya bayan ɗaya. Koriyar tsatsar da ke jikinsa tana da manyan ƙwayoyi irin waɗanda ke tsiro a hankali cikin shekaru masu yawa, ba irin ƙananan da ake samu in an zuba sinadari don a tsufar da ƙarfe ba. An kuma auna wani nau'in dalma mai fitar da tururin nukiliya, wanda ake samu a cikin sabon narkakken jan ƙarfe, kuma rabinsa ke ƙarewa duk shekara 22. Ba a sami ko ɓurɓushinsa ba. Kotu ta gamsu faifan na gaske ne.

A lura da iyakar wannan awo. Abin da ya tabbatar shi ne an narka ƙarfen fiye da shekara ɗari da suka wuce. Tsakanin shekara ɗari da shekara 3,600 bai ce komai ba.

Don haka aka koma kan tudun. Tun a 2002 masana suka sake buɗe ramin da mutanen nan suka tona. Suka tarar da sawun diga a bangonsa, da fasassun kwalbar ruwan da masu tonon suka yar. Suka auna ƙasar ƙarƙashin ramin, suka ga jan ƙarfe da zinare sun yi yawa a cikinta fiye da ƙasar da ke kewaye, alamar wani babban abu mai tagulla da zinare ya daɗe kwance a nan yana zubar da ɗan abin jikinsa. Aka gwada 'yar ƙasar da ta saura manne a jikin faifan da takobi da ta tudun, masu binciken laifuka suka ce sun dace. A cikin ƙotar ɗaya daga takubban aka sami ɗan guntun ɓawon itace, aka yi masa awon kabon, ya ba da tsakanin 1600 da 1560 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙirar takubban da gaturan ma ta wannan lokaci ce, ƙarshen al'adar da masana ke kira Unetice.

Ka ga sarƙar: ɓawon itace ya ba takobi shekaru, ƙasa ta haɗa takobi da faifai, faifai ya ari shekarun takobi. In zobe ɗaya ya ɓalle, faifan ya koma marar ranar haihuwa.

Wannan zoben aka ja a 2020. Rupert Gebhard, shugaban gidan kayan tarihi na jihar Bavariya a Munik, da Rüdiger Krause na jami'ar Frankfurt, suka buga maƙala suna cewa babu tabbacin an sami faifan tare da takubban, kuma zanensa ya fi kama da na zamanin baƙin ƙarfe, kusan shekara dubu bayan lokacin da ake faɗa. Ba 'yan tasha ba ne, manyan masana ne. In sun yi gaskiya, duk maganar zanen sama mafi tsufa ta rushe. Kafin shekarar ta fita Pernicka da wasu masana goma sha biyu suka mayar da martani mai tsawo, suka bi hujjojin ɗaya-ɗaya: ƙasar, sinadaran jan ƙarfen da suka dace da ma'adinan da ake haƙa a farkon zamanin tagulla, yadda saran digar ya dace da yadda aka ce faifan na tsaye a rami.

Ni dai na fi gamsuwa da ɓangaren Pernicka, kuma nan ne yawancin masana suka tsaya. Hujjojinsu sun fito daga hanyoyi da yawa da ba su dogara da juna ba, kuma wuri ɗaya suke nunawa. Amma ban ga laifin Gebhard da Krause ba da suka tambaya. Ƙofar a buɗe take, kuma ba su suka buɗe ta ba. Abin da hoto guda ɗaya da ma'auni a gefensa zai kashe a ranar 4 ga Yulin 1999, shi ne aka shafe fiye da shekara ashirin ana kashe kuɗi da basira a kansa, har yanzu kuma da sauran masu shakka.

Akwai kuma tambayoyin da ba wani ɗakin gwaji da zai amsa. An naɗe faifan cikin fata ko ƙyalle? Takubban na cikin kube? Da wane gefe ya kalli sama? Irin waɗannan abubuwa kan bar alama a ƙasa, ɗan duhu, ɗan zare, wanda mai buroshi da haƙuri zai gani, mai diga kuwa ya watsar bai ma san ya watsar ba.

Waɗanda suka tsaya

Ba na'urar ce mai laifi ba, kuma abin da ya faru a wasu wurare biyu ya nuna haka.

A Nuwamban 2001, faifan Nebra na ɓoye a hannun dillalai, wani mai na'ura a gonar Ringlemere kusa da Sandwich, a yankin Kent na Ingila, ya tono wani kofin zinare da garma ta murƙushe. An buɗa shi ne daga curin zinare guda, da layuka-layuka a jikinsa, kuma an ƙiyasta shekarunsa tsakanin 1700 da 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'an faifan Nebra ke nan. Mutumin ya gane ya yi kama da kofin Rillaton da aka samu a Cornwall a 1837, ya kai rahoto, ya nuna daidai inda ya same shi. Gidan tarihi na Birtaniya ya saye kofin a kan fam 270,000, aka raba tsakaninsa da masu gonar. Saboda an san wurin, masana suka shekara da shekaru suna tono a nan, suka gano wani tsohon tudun binne mutane da noma ya baje, da wurin taro da ya girme shi, da maƙabartar Anglo-Sakson, mutanen da suka zauna Ingila can daga baya.

Na biyun ya fi kusa da zuciyata. A Yunin 2020 wani mai na'ura kusa da Peebles a Sikotilan ya fara cin karo da kayan tagulla a cikin wata gona. Da ya ga abin ba na yau da kullum ba ne sai ya dakata, ya kira hukuma. Masana suka yi kwana 22 suna aiki a wurin, shi da abokansa suna kwana a filin suna gadi. Aka yanko ƙasar dunƙule guda aka kai ɗakin gwaji. A ciki akwai takobi cikin kubensa na itace, da kayan doki waɗanda igiyoyinsu na fata ke nan a jere yadda aka ajiye su wajen shekara 3,000 da suka wuce. Da ya ci gaba da tono, da abin da za a samu zobba da maɓallan tagulla ne a cikin leda, ba wanda zai san yadda aka haɗa su.

Ina doka ta tsaya

Zai yi sauƙi a ce bambancin na hali ne kawai, waɗancan 'yan kirki, waɗannan maciya amana. Hali na ciki, amma ba shi kaɗai ba. A Ingila da Wales dokar dukiyar binne ta 1996 ta ba mai tsintuwa kwana 14 ya kai rahoto, in gidan tarihi na so a kimanta kuɗin kasuwa a biya shi da mai ƙasa. Tun 1997 kuma akwai tsarin da masu na'ura ke kai ko da ƙananan abubuwa a rubuta, wanda yanzu ya tara bayanan fiye da abu miliyan ɗaya da rabi. A can, faɗin gaskiya shi ne hanya mafi riba. A Saksoni-Anhalt ta 1999, wanda ya tono ba da izini ba in ya kai rahoto kansa ya kai, in ya sayar a ɓoye ya sami mak 31,000.

Tsarin Ingila ma yana da masu sukarsa, kuma suna da hujja: lada na jawo mutane da yawa su fita nema, wasu da dare a wuraren da aka hana, kuma abin da aka ciro daga gona ko an rubuta shi an riga an raba shi da makwancinsa. Wasu ma da ladan a gabansu sun zaɓi ɓoyewa, kamar mutum biyun da aka ɗaure a 2019 saboda dukiyar zamanin Baikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, da suka tono a Herefordshire suka sayar a asirce. Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin dokar da ta yi daidai a takarda amma take tura kaya kasuwar duhu, da wadda ke biyan mutum don ya ɗaga waya, ta biyun zan ɗauka, in ƙara mata horo da takardar izini. Ita kanta Saksoni-Anhalt yanzu tana aiki da 'yan sa-kai da ta horar ta ba su izini, wasunsu da na'ura a hannu.

Mu ma ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Mutum-mutumin yumɓu na Nok sun cika gidajen masu tara kaya a Turai, da yawansu an haƙo su ne a ɓoye, ba wanda ya rubuta daga wane rami. Masanan jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya sun tarar da yawancin wuraren an riga an birkice su.

Faifan Nebra yanzu yana gidan tarihi na jiha a Halle, cikin ɗaki mai duhu, haske na sauka a kansa shi kaɗai. UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 2013, a 2022 kuma aka kai shi Landan aka nuna shi ɗaki ɗaya da wasu kayan zinare na zamaninsa daga Birtaniya. Masu gyara sun cike yagewar babban da'irar da sabon zinare. Saran digar da ke bakinsa kuwa an bar shi yadda yake, haka ma ƙarce-ƙarcen soson ƙarfe, duk wanda ya matso kusa da gilashin zai gan su.